Grace Hopper: Sojar ruwan da ta ƙi yarda a riƙa rubuta manhaja ɗaya sau goma

Wanda ya shiga shagon sayar da waya a Maraɗi yakan tambayi ƙarfin batir, da girman ma'ajiya, da kyawun kyamara. Da wuya ka ji wanda ya tambaya ko WhatsApp zai yi aiki a kan wayar. Kowa ya ɗauka dole ne ya yi, ko Tecno ce, ko Itel, ko Samsung, ko iPhone ɗin da wani ɗan'uwa ya aiko daga Faransa. Manomin rani a Jiratawa, da mai shago a Tibiri, da ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, duk manhaja ɗaya suke buɗewa a kan na'urorin da kayan cikinsu bai yi kama da juna ba.

Shekaru 70 da suka wuce abin ba haka yake ba. Kowace kwamfuta tana da nata yaren, kuma manhajar da aka rubuta wa ɗaya ba ta da amfani a kan wata. Idan ma'aikata ta sauya na'ura, sai a zauna a sake rubuta komai daga farko. Cikin waɗanda suka fara ganin wannan a matsayin asarar da za a iya magancewa akwai wata malamar lissafi Ba'amurkiya da ta shiga aikin sojan ruwa, Grace Hopper. Kusan duk rayuwarta ta aiki ta tafi ne a kan tunani ɗaya: mutum ya rubuta abin da yake so sau ɗaya, na'ura ta yi wahalar haɗawa, abin da ya keɓanta da wata na'ura kuma a killace shi a wuri guda.

Yarinyar da ta kwance agogo bakwai

An haifi Grace Brewster Murray a birnin New York ranar 9 ga Disamba, 1906, ita ce babba cikin 'ya'ya uku. Mahaifinta, Walter Murray, dillalin inshora ne, mahaifiyarta Mary kuma mai son lissafi ce. Labarin ƙuruciyarta da aka fi bayarwa shi ne na agogo: tana 'yar shekara 7 ta kwance agogon ƙararrawa don ta ga abin da ke cikinsa, ta kasa mayar da shi, sai ta ɗauko wani don ta gane yadda na farkon yake. Kafin mahaifiyarta ta ankara ta kwance bakwai. Ba a hana ta ba, an dai ce ta tsaya a kan guda ɗaya.

Ciwo ya sa an yanke wa mahaifinta ƙafafu biyu, kuma ya nace cewa 'ya'yansa mata su yi karatu irin na ɗansa namiji domin su iya riƙe kansu. Kwalejin Vassar ta ƙi karɓar ta a karon farko saboda ta gaza a jarrabawar Latin. Ta sake nema a shekara ta gaba, ta shiga, ta fita a 1928 da digiri a lissafi da fiziya. Ta wuce Jami'ar Yale, ta yi digiri na biyu a 1930, ta yi na uku a lissafi a 1934, lokacin da matan da ke samun irin wannan digiri a Amurka ba su taka kara sun karya ba. A 1930 ta auri Vincent Hopper, malamin adabin Ingilishi. Auren ya mutu a 1945 ba su haihu ba, amma ta ci gaba da amfani da sunansa har ta rasu.

Tun 1931 take koyarwa a Vassar. Da a ce yaƙi bai zo ba, mai yiwuwa a can za ta tsufa.

Bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disamban 1941, ta nemi shiga rundunar sojan ruwa. An ce mata shekarunta sun yi yawa, nauyinta bai kai ba (wajen kilo 48 take, ana bukatar 54), sannan malamin lissafi ya fi amfani a aji. Ta ɗauki hutu daga kwaleji, ta samo sassauci a kan batun nauyin, aka rantsar da ita a sashen ko-ta-kwana na rundunar a Disamban 1943. Ta zo ta ɗaya a ajinsu na horo, kuma a watan Yulin 1944 aka tura ta Jami'ar Harvard, wajen wani kwamanda mai zafin rai, Howard Aiken.

Littattafan aro

Na'urar da ta tarar a can, Mark I, kamfanin IBM ne ya ƙera ta. Tsawonta ya kai mita 15, tsayinta ya fi mita 2, nauyinta kusan tan 5, tana da sassa wajen 750,000. Tana iya tara lamba sau uku a daƙiƙa ɗaya, ninkawa kuma yakan ci mata daƙiƙa shida. Ana ba ta umarni ne ta hanyar doguwar takarda mai huji-huji. Aikinta lissafin yaƙi ne: jadawalin harba manyan bindigogi, da na nakiyoyin ruwa, har da wani lissafi da John von Neumann ya kawo wanda daga baya aka san na bam ɗin nukiliya ne. Hopper na cikin mutanen farko da suka koyi ba wa wannan na'ura umarni, tare da Richard Bloch da Robert Campbell. Ita ce kuma ta rubuta mafi yawan littafin koyar da aiki da na'urar, mai shafi sama da 500, wanda ya fito a 1946.

A ɗakin nan ne ta lura da wata ɗabi'a da ta zama tushen aikinta na gaba. Akwai ƙananan lissafai da ake bukata kullum. Wanda ya sha wahala ya rubuta ɗaya, ya gwada ya ga yana aiki, sai ya adana shi a littafinsa. Abokin aiki idan yana bukata sai ya ari littafin ya kwafa da hannu. Dabarar tana rage aiki, amma tana da illa biyu. Ta farko, mutane ba su iya kwafi ba: harafin B yakan koma 13 a hannun wanda ya gaji. Ta biyu ta fi muni. Kowane umarni yana nuni ne ga wani gurbi mai lamba a cikin na'ura. Guntun da aka rubuta don ya fara daga gurbi na 0, idan aka sa shi a tsakiyar wata manhaja inda zai fara daga gurbi na 300, to dole a bi kowace lamba a ƙara mata 300. Kuskure ɗaya ya isa ya lalata aikin kwana uku. Hopper ta ga abin dariya a nan: ga na'ura a gabansu wadda ba ta kuskuren kwafi, ba ta kuskuren tarawa, amma mutane ne ke yi mata kwafi da tarawa.

A Harvard ɗin ne kuma labarin ƙwaro ya faru. Ranar 9 ga Satumba, 1947, masu aiki da Mark II suka tarar da wani ƙwaro mai fiffike, irin mai bin fitila da dare, ya maƙale a cikin wani makunni. Suka manna shi a littafin aiki, kuma littafin yana nan a gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Ana yawan cewa daga nan aka fara kiran matsalar na'ura da sunan ƙwaro a Turanci, ana kuma cewa ita ta cire shi. Injiniyoyi suna amfani da kalmar tun zamanin Thomas Edison. Ita dai ta iya ba da labarin ne, ta kuma ba da shi shekara da shekaru har ya manne mata.

Bayan yaƙi ta nemi zama cikakkiyar soja, aka ce shekarunta sun wuce. Harvard kuma ba ta da kujerar farfesa da za ta ba ta. A 1949 ta koma Philadelphia, ta shiga ƙaramin kamfanin Eckert da Mauchly, waɗanda suka ƙera ENIAC, suke kuma kan ƙera UNIVAC. Shekarar ta zo mata da nauyi. Babban mai zuba wa kamfanin jari ya mutu a haɗarin jirgin sama, kamfanin ya kama hanyar durƙushewa, ita kuma tana fama da shaye-shayen da ya kai 'yan sanda suka kama ta a ƙarshen shekarar, kamar yadda marubucin tarihinta Kurt Beyer ya kawo. Abokai ne suka tsaya mata har ta farfaɗo. Kamfanin Remington Rand ya sayi wurin a 1950, aiki ya ci gaba.

Takardar da ke faɗa wa na'ura abin da za ta haɗa

Tsakanin 1951 da 1952 ta rubuta abin da ta sa wa suna A-0. Ta tattara guntayen nan da aka riga aka gwada, ta zuba su a kan faifan maganaɗisu, ta ba kowanne lambar kira. Mai rubuta manhaja yanzu ba sai ya kwafi komai ba. Zai rubuta gajeriyar takarda ce: a ɗauko guntu mai lamba kaza, a ba shi waɗannan alƙaluma, a ajiye sakamakonsa a nan, sannan a ɗauko na gaba. A-0 ta karanta takardar, ta nemo guntayen a faifai, ta jera su, ta gyara lambobin gurabe da kanta, ta fitar da manhaja cikakkiya. Hopper ta kira wannan kompaila, wato maharhaɗi, domin aikinsa irin na mai harhaɗa littafi ne daga rubuce-rubucen da ke ɗakin karatu. Ta bayyana shi a wata maƙala da ta gabatar a Pittsburgh a watan Mayun 1952.

Masana tarihin kwamfuta suna da ja a kan kiran A-0 kompaila ta farko, kuma jan nasu yana da tushe. Abin da ake nufi da kalmar a yau shi ne manhajar da ke fassara yaren mutum zuwa yaren na'ura, kuma a wannan ma'anar aikin Alick Glennie a Manchester a 1952 ya fi kusa. A-0 ba fassara take yi ba, haɗawa take yi. Sai dai wannan ne ya sa ta fi kowa kusa da abin da masu rubuta manhaja ke kira fayil ɗin haɗi a yau, wato 'yar takardar da ba ita ce manhajar ba, amma ita ke faɗin sassan da za a ɗauko, da jerin da za a bi, da inda za a ajiye su. Hopper ta kuma ce ta samu haske daga aikin abokiyar aikinta Betty Holberton, wadda ta riga ta rubuta manhajar da ke rubuta wata manhaja don jera bayanai.

Ba a karɓi abin da hannu biyu ba. Manhajar da A-0 ta haɗa ba ta kai wadda ƙwararre ya rubuta da hannu sauri ba, kuma a lokacin awa ɗaya ta kwamfuta ta fi albashin ma'aikaci tsada nesa ba kusa ba. Akwai kuma kishin sana'a. Wanda ya shafe shekaru yana haddace lambobin na'ura ba zai ji daɗin a ce kowa zai iya ba. Ita kanta ta san kuɗin wannan ƙwarewa: ta saba da lissafi mai tushe 8, inda 7 da 1 ke ba da 10, har ya shiga littafin ajiyarta na banki ya rikita shi, sai da ɗan'uwanta ya zauna ya gano inda matsalar take.

Da A-2 ta fito a 1953, sashenta ya yi wani abu da ba a saba gani ba: ya ba abokan ciniki ainihin rubutun manhajar, ya ce su gyara su aiko da gyaran. A 1954 aka naɗa ta shugabar sashen.

Daga nan ta juya ga 'yan kasuwa. Masu lissafin albashi da inshora da kayan sito ba su san alamomin lissafi ba, ba su kuma da niyyar koya. Ta ce a rubuta musu umarni da kalmomin Ingilishi, irin su karanta, kwatanta, rubuta, tsaya. Shugabanninta suka ce kwamfuta ba ta jin Turanci. Ba ta ce tana ji ba. Kalma a wurin na'ura jerin alamomi ce kawai da za a musanya da wasu. Don ta nuna haka sai ta sa aka gwada manhaja ɗaya da kalmomin Ingilishi, da na Faransanci, da na Jamusanci, duk suka yi aiki. Maimakon a yaba, sai manyan kamfanin suka tsorata da jin cewa na'urar Amurka za ta karɓi umarni da yaren waje. A ƙa'ida babu abin da zai hana a yi gwajin nan da Hausa. Yaren da ya fito daga wannan aiki shi ne FLOW-MATIC, wanda ya kai hannun abokan ciniki wajen 1958.

Kwana biyu a Disamban 1960

A ƙarshen shekarun 1950 matsalar ta zama ta kuɗi tsagwaronta. Ma'aikatar tsaron Amurka tana da kwamfuta 225, ta yi odar wasu 175, ta kuma kashe fiye da dala miliyan 200 a kan manhajojinsu. Na'urorin daga kamfanoni daban-daban suke. Wani bincike na 1959 ya nuna cewa matsakaiciyar cibiya tana kashe dala 800,000 wajen rubuta manhajojinta, mayar da su kan sabuwar na'ura kuma zai ci 600,000. Ma'anar wannan a fili take: wanda ya sayi na'urar kamfani ɗaya ya zama bawan kamfanin, domin fita ta fi zama tsada. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya ya san ƙaramin misalin wannan, idan ya sayo kayan wuta mai kai uku irin na Ingila ya zo gida ya tarar da soket mai rami biyu irin na Faransa. Bambancin shi ne shi zai sayi adafta da 'yan canji, su kuwa babu adaftar.

Wata ma'aikaciyar kamfanin Burroughs, Mary Hawes, ita ta kira ƙaramin taro a Jami'ar Pennsylvania a watan Afrilun 1959 don a nemi yare ɗaya na harkar kasuwanci. Hopper na wurin. Suka nemi ma'aikatar tsaro ta ɗauki nauyi, kuma a ranakun 28 da 29 ga Mayu Charles Phillips ya jagoranci babban taro a Pentagon. Daga nan aka samu kwamitin CODASYL, daga kwamitin kuma aka samu COBOL.

A nan ma akwai gyara ga labarin da ake yaɗawa. Ba Hopper ce ta rubuta COBOL ba. Mutum shida ne suka zauna suka tsara shi, daga IBM da RCA da Sylvania, cikinsu har da Jean Sammet da Gertrude Tierney, kuma Sammet ta shafe shekaru tana gyara wa masu kiran Hopper uwar COBOL. Matsayin Hopper na mai ba da shawara ne. Amma FLOW-MATIC shi ne yaren kasuwanci da ke aiki a zahiri a lokacin, kuma daga gare shi aka ɗebi mafi yawan tsarin. Mutanenta ma suna cikin kwamitin.

Abin da ya fi dacewa a duba a COBOL shi ne yadda aka raba kowace manhaja gida huɗu. Gida na farko suna ne da bayanin manhajar. Na uku bayanin irin alƙaluman da za a sarrafa. Na huɗu matakan aikin. Na biyun kuwa, wanda aka kira sashen muhalli, nan ne ake rubuta duk abin da ya shafi wata na'ura ta musamman: wace kwamfuta ce za ta harhaɗa manhajar, wacce za ta gudanar da ita, wane faifai ne, wace na'urar bugawa ce. Manufar ita ce idan za a ƙaura zuwa wata na'ura, wannan gidan kaɗai za a taɓa. Tela ba ya sake koyon ɗinki don sabon mai kaya ya zo. Awo yake sakewa.

Mutane da yawa ba su yi zaton abin zai rayu ba. Ɗaya daga cikin mutum shidan nan, Howard Bromberg na RCA, har dutsen kabari ya saya aka sassaƙa sunan COBOL a kai ya aika wa Phillips. Amma a ranakun 6 da 7 ga Disamba, 1960, aka ɗauki manhaja ɗaya aka gudanar da ita a kan UNIVAC II ta kamfanin su Hopper da kuma RCA 501, da 'yan gyare-gyare kaɗan, sakamako ya zo daidai. Kamfanoni biyu masu gaba da juna, na'urori biyu da ba su haɗa komai ba. Ma'aikatar tsaro kuma ta sa ƙafa ta taka: duk mai son ya sayar mata da kwamfuta sai ya kawo ta da COBOL. IBM, wanda ke da nasa yaren da yake son turawa, dole ya bi.

Tiya ɗaya, girma daban-daban

A ƙarshen 1966 dokar shekaru ta sa ta yi ritaya daga sashen ko-ta-kwana da muƙamin kwamanda, tana da shekara 60. Wata bakwai kacal aka yi, a Agustan 1967 rundunar ta kira ta aikin wata shida. Wata shidan nan sai da ya zama shekara 19.

Dalilin kiran shi ne alƙawarin 1960 ya fara warwarewa. Kowane kamfani yana cewa yana sayar da COBOL, amma kowanne ya ƙara nasa gishiri, ya kuma bar abin da ya ga zai ba shi wahala. Duk wanda ya taɓa awon hatsi ya san tiya sunanta ɗaya amma cikinta ba ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma mai saye ne ke kwana a ciki. Ƙarin da kamfanoni ke yi ba kuskure ba ne, dabara ce: idan ka saba da ƙarin, ka koma cikin tarkon da aka ƙirƙiro COBOL don a fitar da kai.

A ganina aikin da ta yi a wannan lokaci, daga 1967 zuwa 1977 tana shugabar sashen yarukan manhaja na rundunar, ya fi na A-0 tasiri, ko da yake ba shi da daɗin labari. An fitar da ma'aunin COBOL na ƙasa a 1968, amma ma'auni a takarda ba ya hana kowa ha'inci. Ita da 'yan tawagarta, yawancinsu matasan sojoji, suka rubuta jerin manhajojin gwaji. Kamfani ya kawo maharhaɗinsa, a zuba masa gwaje-gwajen, a ga inda ya bi ma'auni da inda ya kauce, a rubuta. Suka kuma yi manhajar da ke ɗaukar COBOL mai gauraye ta mayar da shi na ma'auni. Da zarar sayen gwamnati ya dogara da cin wannan jarrabawa, sai yarukan kamfanoni suka fara matsowa kusa da juna. Daga baya hukumar ma'aunai ta ƙasar, wadda yanzu ake kira NIST, ta karɓi aikin gwajin.

Waɗanda suka zo bayanta sun bi hanyoyi daban, amma matsalar ita ce dai. A 1976 Stuart Feldman na Bell Labs ya rubuta Make, bayan wani abokin aiki ya ɓata safiya guda yana neman kuskuren da ya riga ya gyara, don kawai ya manta bai sake harhaɗa wani sashe ba. Make tana karanta fayil ɗin da ke cewa wannan sashe ya dogara da wancan, sai ta sake gina abin da ya sauya kaɗai. Shekara ɗaya zuwa biyu bayan haka Dennis Ritchie da Steve Johnson suka ɗauke tsarin Unix daga na'urar PDP-11 suka dasa shi a kan Interdata. Da nau'o'in Unix suka yi yawa, rubuta fayil ɗin haɗin kansa ya zama wahala, sai David MacKenzie ya fara Autoconf a 1991, manhajar da ke taimakawa a binciki na'ura a ga abin da take da shi, a kuma samar da fayil ɗin da ya dace da ita. A 1994 FreeBSD ta fito da tarin ƙananan fayilolin da kowanne ke bayanin inda za a samo wata manhaja, da gyaran da take bukata, da yadda za a gina ta. CMake ta zo a 2000. Matashin da ke koyon rubuta manhajar Android a yau, duk sanda ya buɗe fayil ɗin Gradle ya rubuta mafi tsufan tsarin wayar da yake so manhajarsa ta yi aiki a kai, sashen muhalli yake cikewa, ko bai taɓa jin sunan ba. Kuma layin nan guda shi ke yanke hukuncin ko mai tsohuwar waya zai iya sauke manhajar ko ba zai iya ba.

Har yanzu aikin bai kammala ba, kuma mai rubutu da Hausa ya fi kowa sani. Ƙ da ɗ da ɓ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke sa 'y, sukan fito lafiya a wata waya, su koma akwati ko alamar tambaya a wata.

Igiya mai tsawon santimita 30

A shekarunta na ƙarshe a soja ta zama mai yawon lacca. Takan zo da guntayen wayar lantarki masu tsawon kusan santimita 30, ta raba wa masu sauraro. Wannan ne iyakar nisan da haske zai iya tafiya a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Da shi take amsa wa manyan hafsoshi masu tambayar abin da ya sa saƙo ta tauraron ɗan'adam ke jinkiri. Sannan ta ɗaga naɗin waya mai tsawon mita 300, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, ta ce ya kamata a rataya wa masu rubuta manhaja shi a wuya don su san abin da suke zubarwa. A ofishinta akwai tutar 'yan fashin teku da agogon bango mai tafiya ta hagu, don ta nuna wa baƙi cewa saba wa abu ba hujja ba ce. Tun shekarun 1970 take kira da a bar dogaro da ƙatuwar kwamfuta ɗaya a koma ƙanana masu haɗe da juna.

A 1969 wata ƙungiyar masu sarrafa bayanai ta ba ta lambar gwarzon namijin shekara, don ba su tanadi wani suna ba. A 1973 ta zama kyaftin. Bayan an nuna ta a shirin talabijin na 60 Minutes a 1983, wani ɗan majalisa ya kai batunta gaba, aka ƙara mata girma zuwa kwamado a Disamban shekarar, muƙamin da aka sauya wa suna zuwa riya admiral a 1985. Ta yi ritayar ƙarshe ranar 14 ga Agusta, 1986, a kan tsohon jirgin yaƙi USS Constitution a Boston, tana da shekara 79, ita ce mafi tsufa cikin hafsoshin rundunar da ke bakin aiki. Ba ta zauna a gida ba, ta kama aikin ba da shawara a kamfanin Digital Equipment. A 1991 Shugaba George Bush babba ya ba ta lambar fasaha ta ƙasa.

Ta sha faɗin cewa tana so ta kai daren 31 ga Disamba, 1999, don ta ga shagalin shiga sabon ƙarni. Ba ta kai ba. Ta rasu cikin barci ranar 1 ga Janairu, 1992, a Arlington ta jihar Virginia, tana da shekara 85, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington. An sa wa wani jirgin yaƙi sunanta a 1996, Barack Obama ya ba ta lambar 'yanci a 2016, Yale ta sauya wa ɗaya daga cikin kwalejojinta suna zuwa nata a 2017, Google kuma ya sa sunanta a kan wayar intanet ta ƙarƙashin teku da ta haɗa Amurka da Ingila da Sifaniya.

Daren da ta so gani ya zo wa masu COBOL da aiki, ba shagali ba. Manhajojin da aka rubuta a shekarun 1960 da 1970, lokacin da ake rubuta shekara da lamba biyu don tsimin wuri, an yi ta ɗauke su daga na'ura zuwa na'ura har suka iso 1999 da ransu, sai da bankuna da gwamnatoci suka kashe biliyoyin daloli wajen gyara su. A watan Afrilun 2020, da cutar korona ta sa masu neman tallafin rashin aiki suka yi wa tsarin jihar New Jersey yawa, gwamnanta Phil Murphy ya fito bainar jama'a yana neman waɗanda suka iya COBOL.